Zinaren da ke Cikin Aisi: Shin Sayensa Bashi Riba Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, sana'ata fataucin aisi ce, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalen nan da ake dasawa a fanel ɗin waya da kwamfuta da mota. Ina sarowa daga dillalai a Shenzhen da Hong Kong, ina tura wa ƙananan masana'antu a ƙasashe daban-daban. Waɗanda nake saye a wurinsu sun amince da ni, suna ba ni kaya in biya bayan kwana 60. Kwanan nan wani ɗalibin ilimi ya ce mini akwai zinare a cikin aisi, zinare kuwa ba a sayensa da kuɗi sai hannu da hannu, don haka duk cinikin bashin da na yi riba ne. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Idan sabo ya yanke a kasuwa nakan cike oda da na kwance waɗanda aka gyara, tunda suna aiki kuma masu saye ba sa tambaya. Na kuma fara sayen matattun aisi da tsofaffin fanel a kilo, su ma bashi, ina sayar wa masu narkawa. Akwai kuma wani mai saye da yake so in rubuta wata ƙasa daban a takardun kaya. Amma babbar damuwata maganar zinaren ce.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwana, Allah ya ƙara maka tsoronsa, ya yi wa kasuwancinka albarka. Abin da ya hana ka barci halal ne. Abubuwan da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba su dame ka ba, su ne suka dame ni.

Asalin fataucin aisi tsakanin ƙasashe, da sayensa a hannun wanda ba Musulmi ba, da sayen haja bashi zuwa ajali sananne, babu saɓani a halaccinsu.

Ɗalibin da ya yi maka magana bai ƙirƙiro hadisi ba. Muslim ya ruwaito cewa Fudala bin Ubaid ya sayi sarƙa ranar Khaibar a kan dinari 12, a jikinta akwai zinare da duwatsu. Da ya warware ta sai ya samu zinaren da ke ciki ya fi dinari 12, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar da irinta sai an rarrabe. Haka kuma kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinare da azurfa a babin riba, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Amman a 1986. Duk wannan daidai ne. Inda ya kuskure shi ne ɗora hukuncin sarƙar Fudala a kan hajar da ba irinta ba.

Idan aka fasa baƙar robar da ta rufe aisi, za a tarar da ɗan yankin silikon a tsakiya, da wasu zaruruwa da suka haɗa shi da ƙafafuwan da ke waje. Kaurin zaren zinaren da aka saba amfani da shi kusan kashi ɗaya ne cikin 40 na milimita, bai kai kaurin gashin kai ba. Mita guda na irin wannan zare bai kai miligiram 10 a sikeli ba. Aisi mai ƙafa 50, kowane zare milimita 2, duka zinarensa bai wuce kusan miligiram 1 ba. Ba kuma kowane aisi ke da shi ba. Da zinare ya yi tsada, masana'antu da yawa sun koma zaren jan ƙarfe, manyan ƙwaƙwalen zamani kuwa kifa su ake yi a kan 'yan ƙwallayen dalma, babu zaren ma gaba ɗaya. Kai da kanka ba ka san wanne ke da zinare a cikin kwalin da ka saya ba, kuma ba ka taɓa tambaya ba, domin ba shi ka je saye ba.

A nan hukuncin yake. Fudala zinare ya saya da zinare, kuma zinaren sarƙar shi ne mafi yawan ƙimarta. Kai lambar aisi kake nema, da saurinsa, da kamfanin da ya ƙera shi. Ƙa'idar malamai ita ce abin da ya zo a matsayin mabiyi yana bin hukuncin abin da ya biyo, ana kuma yafe wa mabiyi abin da ba a yafe masa in ya tsaya da kansa. Shi ya sa ba a sayar da ɗan da ke cikin dabba shi kaɗai, amma ana sayar da dabba mai ciki. Malaman fiƙihu sun yi maganar gidan da aka shafe rufinsa da ruwan zinare, ba su mayar da cinikinsa cinikin canji ba.

Akwai hujjar da ta fi ta ɗalibin nan ƙarfi, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Imam Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa takobi ko Mus'hafin da aka yi wa ado da zinare ana iya sayensa da dinari idan zinaren bai wuce sulusin ƙimarsa ba, amma da sharaɗin hannu da hannu. Khalil kuma a Mukhtasar ya shigar da tufafin da aka saƙa da zinare cikin wannan hukunci idan zinaren zai fita in an narka. Mai ja zai ce: to ai zinaren aisi yana fita in an narka, ga masu narkawa nan suna cin abinci da shi, ke nan jinkirin biya bai halatta ba ko da ƙwaya ɗaya ce.

Amsata ita ce waɗannan malamai ado suke magana a kai. Wanda ya sayi takobi mai kube na zinare ya ga zinaren da idonsa, ya so shi, ya ƙara kuɗi saboda shi, in ya matsu gobe zai ɓamɓare shi ya kai kasuwa takobin kuma yana nan. Gwajin narkawa da suka kawo hanya ce ta gane ko zinaren dukiya ce tsayayya a cikin hajar ko kuwa ya riga ya narke a cikinta. Zaren da ke cikin aisi ba ado ba ne, waya ce mai ɗaukar lantarki, an zaɓi zinare ne domin ba ya tsatsa. Ba a fitar da shi sai an niƙe aisin an jiƙa shi a ruwan asid, wato sai an hallaka abin da aka biya kuɗi dominsa. Babu mai hankalin da zai yi haka da aisi mai rai.

Kasuwar da kanta ta ba da shaida. A 2021, lokacin da ƙarancin aisi ya tsayar da masana'antun motoci a Turai da Amurka da Japan, farashin wasu ƙananan aisi ya ninka sau da dama a hannun dillalai, alhali farashin zinare a wannan shekarar bai tashi ba, sai ma ɗan sauka da ya yi. Da zinaren yana da rabo a cikin farashin da ake ciniki a kai, da an ga suna tafiya tare. Ka kuma duba inda wancan ra'ayi zai kai mu. Akwai zinare a wayar hannu, da kwamfuta, da mota, da na'urorin asibiti. Sai a ce duk wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu bashi ya ci riba, a jefa al'umma cikin ƙuncin da Allah ya ɗauke mata. Hukumar AAOIFI ma, mai tsara ƙa'idojin shari'a ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, a ma'auninta na 57 kan zinare da ta fitar a 2016, ta ware ɗan zinaren da ba shi ake nufi ba daga hukuncin cinikin zinare. Saboda haka bashin kwana 60 da kake karɓa a kan aisi mai aiki halal ne, abin da ka ci a baya halal ne, babu abin da za ka fitar.

Kada ka ƙi ɗalibin nan a kan wannan. Ya ji tsoron riba ne a madadinka, sai dai ya yi gaggawa. Ka gaya masa cikin ladabi ya riƙa sanin haja kafin ya yanke mata hukunci.

Matattun aisi da kake saye a kilo kuwa hukuncinsu daban ne, kuma da dalilin da na halatta maka na farko zan hana ka wannan. Aisin da ya mutu ba ya da aikin da za a saya. Ana tsada ne a kan ƙarfen da zai fito, shi ya sa tsofaffin ƙwaƙwale masu jikin tangaran na shekarun 1990, irin su Pentium Pro, suka fi daraja a wurin masu narkawa, saboda ƙafafu da murfin da aka shafe da zinare. A nan zinare ne abin nufi, da azurfar da ke tare da shi. Idan da kuɗi za ka saya, dole a yi hannu da hannu, bashin da kake karɓa a kansu ka daina shi daga yau. Idan da zinare za a biya ka, to ka faɗa cikin mas'alar Fudala kai tsaye, ba a yi sai an rarrabe an auna. Nisan ƙasa ba uzuri ba ne: ka naɗa wakili a inda kayan suke ya karɓa a lokacin da kuɗin suka fita, shigar kuɗi asusun mai sayarwa kuma ana ɗaukarta a matsayin damƙawa, tare da yafe ɗan jinkirin da bankuna suka saba. Abin da ya wuce cikin rashin sani, ka biya bashin da ya rage ka nemi gafara. Sai dai idan abin da ya rinjayi kayan jan ƙarfe ne da alminiyam kuma a kansu ake tsada, wannan haja ce kamar kowace. Ka kuma sani tsallakar da sharar lantarki tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar Basel ta 1989, Sin kuma ta rufe ƙofarta ga shigo da shara tun farkon 2021. Talakawan da ke ƙona fanel da hannunsu suna shaƙar hayaƙin dalma su ma suna da haƙƙi a wuyan duk wanda ke samun kuɗi a wannan harka.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta na kwance. Ka ce "waɗanda aka gyara", kuma ka san yadda ake gyaran. Ana gasa tsohon fanel har dalma ta saki, a kakkaɓo aisin, a wanke, a miƙe ƙafafu, a goge saman da yashi, a shafa baƙin fenti, a buga sabon tambari da sabuwar lambar shekara da mako. Aisin da ya yi shekaru yana shan zafi sai ya fito da lamba 2318, wato mako na 18 a 2023. Sau da yawa auduga da ruwan asiton, wato sinadarin da ke narkar da fenti, kaɗai sun isa su tona asirin. Sayar da na kwance ga wanda aka gaya wa na kwance ne halal ne, har ma yana rage ɓarna. Sayar da shi cikin odar sabo algus ne, babu malamin da ya yi saɓani. Cewa ba sa tambaya ba ta wanke ka, domin wanda ya ba da odar lambar aisi daga masana'anta sabo yake nufi, kuma bayyana aibi wajibin mai sayarwa ne ko ba a tambaye shi ba. Cewa suna aiki ma ba ta isa ba. Suna aiki ranar gwaji, amma ba ka san ranar da za su tsaya ba, ba ka kuma san ko a burkin mota ko injin numfashi za su tsaya ba. Binciken kwamitin sojoji na Majalisar Dattawan Amurka a 2012 ya gano kimanin lamura 1,800 na kayan lantarkin da ake zargin jabu ne, fiye da guda miliyan 1, har a cikin jiragen soja. In abin ya kai can duk da tsaronsu, yaya ƙaramar masana'antar da ta dogara da amanarka? Ka rubuta wa waɗanda ka tura wa irin wannan kaya, ka ba su zaɓi su dawo da shi ko ka mayar musu da bambancin farashi. Na san zai yi maka nauyi, kana iya rasa wasu daga cikinsu, amma tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai da haka.

Mai son ka canza ƙasa a takarda kuwa, ka rabu da shi. A 2022 Amurka ta taƙaita fitar da manyan ƙwaƙwale irin su A100 da H100 na kamfanin Nvidia zuwa Sin, bayan takunkuman da aka sa wa Rasha a farkon shekarar. Ban ce maka waɗannan dokoki shari'a ce ba, kuma ban ce dukkansu adalci ba ne, siyasar manyan ƙasashe ce. Amma ƙarya a takarda ƙarya ce, kuma idan ka sa hannu a wurin mai sayarwa cewa kaya wuri kaza za su, Musulmi yana kan sharaɗinsa. An kuma sha samun ƙananan aisi na kasuwa a cikin tarkacen makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi. Ba a ɗora maka binciken kowane mai saye ba, amma wanda ya nemi a ɓoye inda kaya za su ya ba ka dalilin zargi da bakinsa, malamai kuma sun hana sayar da halal ga wanda zato ya rinjaya cewa zai cutar da bayin Allah da shi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: a lokacin ƙarancin kaya 'yan kasuwarku kan sayar da takamaiman kwalin da suka gani a jerin wani dillali tun ba su mallaka ba. Kada ka yi. Ko dai ka karɓi kuɗin gaba ɗaya a kan siffa da adadi da ranar miƙawa, wato salam, ko ka fito fili a matsayin dillali ka karɓi la'adarka. Ajalin kwana 60 ɗin nan kuma a rubuta shi, ka duba kada a saka ƙarin kuɗi idan biya ya yi jinkiri, domin wannan ƙarin shi ne ribar da ba a yi saɓani a kanta ba. In akwai shi a takardarku, ka nemi a cire shi kafin oda ta gaba.

Wallahu a'alam.