Me ya sa sakamakon gwajinmu yake saɓa wa na babban asibiti?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Jihar Jigawa. Sau da yawa mukan gwada mutum mu ce ba shi da maleriya, ya je babban asibiti a ce yana da ita. Gwajin taifot kuwa kusan kowa sai ya nuna yana da shi. Mutanen gari har sun fara cewa kayanmu jabu ne. Ba mu da wuta, ba mu da firji. Me za mu yi kafin a kawo mana na'ura?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki zargi kayan, ki fara duba inda kuke ajiye su. Ɗan katin nan na gwajin maleriya, RDT, ba ya son zafi. Yawancin kamfanoni sun rubuta a jikin kwali kada a bar shi a wurin da zafi ya wuce digiri 30, wasu kuma 40. To ki tuna yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu a yankinku. Katin da ya kwana uku a bayan babur cikin rana, sannan aka jibge shi kusa da taga, zai iya cewa babu cuta alhali tana nan. Ki sauko da kwalayen ƙasa-ƙasa, cikin ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da ganye, ita ma za ta taimaka, muddin ledar katin ba ta huje ba kuma ruwa bai taɓa shi ba.

Sai agogo. Ana karanta katin bayan minti 15 zuwa 20, gwargwadon abin da aka rubuta. Wanda ya leƙa da wuri don layi ya yi tsawo zai ce babu. Wanda ya dawo bayan awa ɗaya zai ga wani dishi-dishin layi ya ce akwai. Kuma in ruwan gwajin ya ƙare, kada a ɗiga ruwan allura a madadinsa. Idan layin shaida, wato layin da ke nuna katin na aiki, bai fito ba, katin nan shara ne, a sake.

Ba kuma kullum babban asibiti ne mai gaskiya ba. Idan launin Giemsa, wanda ake rina jini da shi kafin a duba, ya tsufa ko ba a tace shi ba, dattinsa kan yi kama da ƙwayar cutar a madubin ƙara girma.

Batun taifot ya fi damuna. Gwajin Widal da ake yi don gano taifot, tun 1896 wani likitan Faransa ya fito da shi, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. A inda ake shan ruwan rijiya da na tafki, masu lafiya da yawa jininsu zai nuna alamar, maleriya ma kan sa ya tashi. Yinsa sau ɗaya ba ya tabbatar da komai. Abin da ke tabbatarwa shi ne a raini ƙwayar daga jini a babban ɗakin gwaji. Ni dai a ganina gara ku daina dogaro da shi, domin da shi ne ake ta ɗura wa mutane Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, har cutar ta daina jin maganin. Wanda zazzaɓinsa ya kai kwana biyar ba sauƙi, katin maleriya kuma ya ce babu, ku tura shi gaba.

Ki sayi littafi mai bango, ki riƙa rubuta lambar kwalin da kuka buɗe, ranar ƙarewarsa, wanda ya yi gwajin da abin da ya fito. Duk wata ki zauna da masanin gwaji na babban asibitinku, wanda ke da rajistar hukumar MLSCN mai kula da masana gwajin asibiti a Najeriya, ku kwatanta sakamakon waɗanda kuka tura masa. In saɓanin ya taru a kan kwali ɗaya ko hannu ɗaya, kin gano inda ɓarakar take.