Tambaya da Amsa: Garwa zuwa Yawunde, a jirgi ko a mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake rubuto maka, ina so in kai mahaifiyata Yawunde bikin ƙanwata a unguwar Briketeri, kuma ta manyanta ga ciwon gwiwa. Don Allah kilomita nawa ne tsakani, kuma awa nawa ake yi a jirgin sama da a mota?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kai mu bikin.

Ta sama nisan wajen kilomita 650 ne, jirgin Camair-Co in ya miƙe kai tsaye awa ɗaya da rabi ma da ƙyar yake cikawa. Amma ka haɗa da zaman jira a filin jirgi, sannan Nsimalen inda ake sauka ba cikin gari yake ba, akwai kamar kilomita 25 kafin ka shigo, in ka faɗa cunkoson yamma sai haƙuri.

Ta ƙasa kuwa lissafi ya canza, kilomita 1,100 ne ko sama da haka, don hanyar kwalta ba ta miƙe kudu ba, gabas take karkatawa. Daga Garwa zuwa Ngaundare kilomita 280 ne kusan, awa 5 ko 6 gwargwadon yadda ramuka suka bar hanya, kuma a nan ne ake hawan tsaunin nan na falez bayan an wuce Mbe, inda manyan motoci ke jan ciki. Daga Ngaundare sai Meiganga, sai Garwa-Bulai can bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, sai Bertuwa, Abong-Mbang, Ayos, kafin ka ga Yawunde. Wannan kashin kaɗai ya haura kilomita 800. In ka tara da tsayuwar sallah da cin abinci da shingayen jandarma ana sauke mutane ana duba katin ɗan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, toh ka ƙaddara kusan kwana guda cur kuna zaune a kujera. Saurayi zai jure, ni dai ba zan sa tsohuwa mai ciwon gwiwa a bas haka ba.

Abin da ba ka tambaya ba kuma shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Ngaundare tun 1974, a nan ya tsaya, bai ƙaraso Garwa ba har yau. Kilomita 620 da 'yan kai ne zuwa Yawunde ta Ngaundal da Belabo. Jirgin Camrail da yamma yake tashi ya kwana yana tafiya, ku wayi gari kuna dab da isa in bai makara ba. Akwai tarago mai gadaje da ake cewa kushet, Hajiya za ta miƙe ƙafa ta yi barci, ga banɗaki a ciki ba sai an roƙi direba ya tsaya ba.

In aljihu zai ɗauka ku hau jirgin sama kawai. In ba zai ɗauka ba ku bi motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, ta sassafe zuwa Ngaundare, ta huta kafin yamma, amma ka sa wani ya yankar muku tikitin kushet tun da wuri don da wuya a samu a ranar, kuma ka ce gadon ƙasa kake so mata. Ka riƙo mata bargo, Ngaundare ba zafin Garwa ba ne.