An sallami Baba, jini ya sauka, a daina maganin?

Ɗan'uwa Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce an sallamo shi daga asibiti kun koma ƙauye wajen Ringim, jiki ya yi sauƙi har yana cewa maganin hawan jinin ya isa haka.

Don Allah kar ku bari ya daina. Maganin ne ke riƙe da jinin, ana ajiye shi zai sake hawa, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai sai dai kwatsam a ga ɓarin jiki ya shanye. Haka ta faru da kawuna, ƙwayoyin suka ƙare ana tsakiyar girbin gero aka ce sai ranar kasuwa a sayo, wallahi har yau da sanda yake zuwa masallaci.

Ku riƙe takardar sallamar da kwalayen maganin, kar ya haɗa da tsofaffin da ke gida, ya riƙa sha kullum lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba. In amlodipine ne ƙafa kan ɗan kumbura, lisinopril kuma yakan sa busasshen tari, ku faɗa wa likita ya canza, ba mai kemis ba. A rage gishiri da magi da kanwa, kuma banda diclofenac ko ibuprofen in jiki na ciwo, suna tayar da jini.

Cikin sati 2 ku kai shi awo, ana so awon jinin ya zauna ƙasa da 140/90. In ya kai 180/120, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ƙirji na ciwo, ku nemi mota a take ku tafi babban asibiti ko da tsakar dare ne.