Magani ɗaya muke sha da yayata: ita ya karɓe ta, ni ya hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya, dukanmu muna da ciwon suga, kuma metformin aka rubuta mana. Ita sukarinta ya sauka lafiya lau, ni kuwa sai gudawa da tashin zuciya. Da na koka aka mayar da ni kan glibenclamide, shi kuma kafin azahar sai jiri da karkarwa. Ko jinina ne bai dace da magani ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zancenki na jini yana kan hanya. 'Yan'uwa ciki ɗaya ba sa gadon komai iri ɗaya, kuma cikin abin da ake gada har da yadda jiki ke sarrafa magani.

Metformin ba ya shiga hanji da hanta da ƙafarsa, sai wani sinadari mai suna OCT1 ya yi dakonsa. Binciken da aka yi a Dundee ta Sikotilan a 2015 ya nuna cewa wanda ya gaji OCT1 mai rauni daga uwa da uba, haɗarin maganin ya ɓata masa ciki ya ninka fiye da sau biyu. Magungunan olsa irin su omeprazole ma suna tare wa OCT1 hanya, don haka idan kina shan su ki faɗa wa likita. Sai dai kafin a ɗora wa gado laifi, a duba yadda aka fara shan maganin, domin yawanci a nan matsalar take. Ƙa'ida ita ce miligiram 500 sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci, a riƙa ƙara 500 mako-mako har a kai abin da likita ya tsara. Idan ciki ya ƙi, akwai samfurin da ke narkewa a hankali, mai alamar XR ko SR a kwalinsa. Da dama waɗanda suka yar da metformin sun dawo kansa ta wannan hanya.

Shi glibenclamide matsa wa jiki yake yi ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko kin ci abinci ko ba ki ci ba. Hanta ce ke rusa shi, kuma sinadarin CYP2C9 yana cikin masu wannan aiki. Wanda ya gaji mai jinkirin aiki, maganin zai daɗe a jininsa, sukari ya yi ta faɗuwa. Raunin ƙoda da tsallake karin kumallo su ma suna kawo haka. Da zarar kin ji zufa da karkarwa, ki auna sukarinki. In ya gaza 70, wato 3.9 a wasu na'urori, ki dama sukari ƙaramin cokali 4 a ruwa ki shanye, ki sake aunawa bayan minti 15. Wannan ba abin jurewa ba ne, ki koma asibiti cikin makon nan a auna ƙodarki, a rage maganin ko a sauya shi da gliclazide, wanda bai kai shi kayar da sukari ba.

Mafi yawan waɗannan bincike kan Turawa aka yi su. A wajenmu, gado biyu ne suka fi cancantar a sa musu ido. Na farko ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Glibenclamide na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai shi, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Na biyu jinin sikila, har da masu AS. Duka biyun suna iya sa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya fito ƙasa da gaskiya. Sai a ɗauka magani na aiki, alhali sukari na ɓarna a ido da ƙoda. Mai irin wannan jini ya haɗa da awon yatsa na safe da na awa 2 bayan abinci.

Ba ki faɗi shekarunki ba. Idan ciwon ya kama ku kafin shekara 25, ba ku da ƙiba, kuma ya biyo daga kaka zuwa mahaifi zuwa gare ku, a yi tunanin nau'in ciwon suga na gado da ake kira MODY. Masu samfurinsa na HNF1A ɗan ƙanƙanin maganin dangin glibenclamide ya ishe su, cikakkiyar ƙwaya kuwa kayar da su take yi.

Gwajin ƙwayoyin halitta bai zama ruwan dare a asibitocinmu ba, amma na G6PD da na sikila ana yin su a manyan asibitoci. Ki je da sakamakonsu, da kwalayen duk abin da kike sha har na gargajiya, da takardar da kika rubuta awon sukarinki na mako biyu tare da lokutan cin abinci. Kuma kada ki ari ƙwayar yayarki ko ki ba ta taki. Allah Ya ba ku lafiya.