Amsa ga mai tambayar ina ruwanmu da dajin Kongo

Salamu alaikum ɗan'uwa, ka ce mu nan Tawa da ko inuwa sai an nema, mi ya haɗa mu da kare dajin Kongo ko na Amazon. Wallahi akwai haɗi sosai. Ruwan daminarmu iskar kudu ke kawo shi daga tekun Gine, kuma kafin ya iso sai ya ratsa dazuzzukan Kodebuwa da Gana da Najeriya, itatuwan can suna shan ruwa su maida shi sama ta ganye, iska ta kwaso wannan laimar ta yo arewa da ita, to in aka sare su laimar ragewa take. Kodebuwa kuwa mafi yawan dajinta ya tafi wajen noma, musamman noman koko, abin da ciwo. Ko kogin Isa da mutanen Yamai ke sha daga tsaunukan Gine ya taso, dubi yadda yashi ke cike shi.

Amazon da Kongo su ne manyan biyu a duniya cikin dazuzzukan ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama, suna riƙe da iskar kabon mai ɗimbin yawa, in an ƙone su ta fita zafi ya ƙaru, mu na Sahel ne kan gaba wajen shan wahala.

Kuma kar ka ce ba abin da za mu iya. Je kwarin Majiya wajen Buza ka ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975, har yau suna tare ma gero iska. Gawon gonarka ma ka bar shi ya girma don Allah.