Ina gyaran kwamfuta a Samaru, yaya zan samu aiki a babbar jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da HND a kimiyyar kwamfuta, kuma ina da ɗan shago a Samaru inda nake gyaran laftof da wayoyin ɗalibai. Burina in samu aikin kula da kwamfutoci a babbar jami'a, ko nan ABU ko irin su Oxford a Ingila. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Fara da wadda ke bakin ƙofarka. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana da cibiyar fasahar sadarwa ta Iya Abubakar, ga cibiyar karatu daga nesa, ga ɗakunan jarrabawar CBT, wato wadda ake yi a kan kwamfuta. Duk sai da irinku suke tafiya.

Sai dai aikin can ba irin na shago ba ne. A shago laftof ɗaya ce gabanka, ka sauya mata allo ko ka sa mata Windows, mai ita ya dawo gobe. A ɗakin jarrabawa kuwa ɗalibai sun zazzauna, lokaci yana tafiya, sai layi guda na kwamfutoci ya daina ganin saba (server), wato babbar kwamfutar da sauran suke haɗe da ita. Wanda ake nema shi ne mai iya ganowa nan take ko kebul ne ya zare, ko suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, ne ya mutu da aka ɗauke wuta, ko adireshin IP, lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita, ne ya yi karo da wani. Saboda haka ka duƙufa kan haɗa netwok. Nemi shaidar ƙwarewa a netwok ta CCNA daga kamfanin Cisco, ka koyi Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, in da hali ka ƙara da CompTIA A+, shaidar gyara da kula da kwamfuta. Ka kuma koyi haƙuri, domin farfesan da ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa ba zai so a yi masa dogon turanci ba.

Jami'o'in tarayya suna tallata guraben aiki a jaridu da shafukansu, kuma za a tambaye ka takardar NYSC. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi. Abin yana ci mini rai, ganin yadda ake wawure jarin matasa ta wannan hanya.

Batun Ingila, guraben Oxford da Cambridge suna fitowa a shafukansu da kuma jobs.ac.uk, kowa na iya nema. Matsalar biza ce. A Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin samun bizar ƙwararrun ma'aikata zuwa fam 38,700 a shekara, kuma yawancin ayyukan matakin farko ba sa kai haka. Masu kula da netwok da tsaron bayanai suna iya kai wannan albashi, bayan sun yi shekaru suna aikin. Ranar da za ka aika musu CV, cire hoto da ranar haihuwa da jihar asali, ka rubuta yawan kwamfutocin da ka kula da su da irin matsalolin da ka warware.