Amsa ga ɗan'uwan da ke neman ƙaramar bindigar da zai riƙa yawo da ita a Houston

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya tsare gaba, ya mayar wa maƙwabtan naku da alheri.

Ka ce kana aikin dare a shagon gidan mai a Houston, an yi wa shagon da ke kusa da ku fashi, kana da mata da yara biyu ƙanana, kana da girin kad (katin izinin zama na dindindin a Amurka), kuma akwai wajen dala 600 a hannunka. Kana so a faɗa maka bindigar da ta fi kowace ƙanƙanta, wadda za ka jefa a aljihu ba wanda ya sani. Ni ma a Texas nake, na daɗe ina ɗaukar bindiga da lasisi, kuma abin da zan fara roƙonka shi ne ka cire maganar "wadda ta fi ƙanƙanta" daga ranka. Bindigar da za ka nema ita ce wadda hannunka zai iya harba ta daidai, kuma kayan da kake sakawa kullum za su iya ɗaukar ta.

Amma kafin ƙarfe, takarda. Mu da muka taso a Najeriya mun saba bindigar hannu ta 'yan sanda ce da sojoji, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da izinin shugaban ƙasa. Sai mutum ya zo nan ya ga ana sayar da su a kanti, ya ɗauka ba doka. Akwai, kuma ta fi tsanani a kanmu. Mai girin kad yana da damar mallakar bindiga a dokar tarayya. Wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara ba shi da wannan damar, in ban da 'yan togaciya kamar mai lasisin farauta. Saboda haka kada wani aboki ɗan makaranta ya ba ka kuɗi ka sayo masa da sunanka, babban laifi ne. A kanti mai lasisi sai ka kai shekara 21, za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka. Yin ƙarya a fom ɗin nan, ko da a kan tambayar shan wiwi ne, laifi ne na ɗauri. Abin da yawancin 'yan'uwanmu ba su sani ba kuma shi ne, duk wanda ba ɗan ƙasa ba, idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya mayar da shi gida ko da yana da girin kad. Kuskuren da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, kai yana iya raba ka da iyalinka.

Shi ya sa nake cewa ka nemi lasisi, duk da tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda mai shekara 21 ya ɗauki bindiga ba tare da shi ba. Kuɗin jiha dala 40 ne, karatun awa 4 zuwa 6, sai gwajin harbi na harsashi 50 daga yadi 3, 7 da 15. A ajin ne za a nuna maka allunan 30.05, 30.06 da 30.07 da ake liƙawa a ƙofar gine-gine don hana shiga da bindiga, da jan allon 51% mai hana shiga da ita mashaya, da wuraren da ba a shiga da bindiga kamar kotu, makaranta da gidan waya. Akwai kuma dokar tarayya da ta hana bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, wadda ta togace mai lasisin jihar. A Houston da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta makaranta ba. Sannan lasisin Texas ba ya aiki a New York, New Jersey, Illinois ko California, don haka ranar da za ka je biki Bronx ta New York ko Chicago ta Illinois bindiga ta zauna a gida. Ka tambayi mai shagonku ma, domin yana da ikon hana ma'aikaci zuwa da ita. Masu jan Uber da Lyft da ke karanta wannan, kamfanonin biyu sun hana.

Yanzu ita bindigar. Duk harsashin da ya fita, ƙarfin da ya tura shi gaba yana dawowa hannunka, kuma nauyin bindiga ne ke shanye wani ɓangare na wannan dukan. Idan ta yi ƙanƙanta, nauyin ya ragu, mariƙin ya gajarce har ƙaramin yatsanka ya rasa wurin zama, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ita ma ta ragu. Sai ka samu bindiga mai tsalle a hannu, mai wahalar saiti. Ruger LCP, wadda ita ce irin abin da kake kwatantawa, nauyinta wajen giram 300 ne, tana cin harsashin .380. Ta ɓuya a aljihu tsaf, amma na sha ganin sabon mai harbi ya gama magazin biyu da ita ya ajiye yana yarfe hannu. Wanda bindigarsa ke ba shi zafi ba ya komawa atisaye, kuma wanda ba ya atisaye, ranar tashin hankali harsashinsa zai tafi inda bai nufa ba. A shagon gidan mai akwai kwastoma a bayan ɗan fashi, akwai famfunan mai a waje.

Ka tsaya a kan harsashin milimita 9. Shi ne mafi araha a cikin na kare kai, kowane kanti akwai shi, dukansa a hannu da dama-dama, kuma hukumar FBI da kanta ta koma kansa bayan ta yi shekaru tana amfani da .40. Kada a ja ka cikin musun wane harsashi ya fi kisa, ba a gama shi.

A cikin masu cin milimita 9, Glock 19 ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Tana ɗaukar harsashi 15, nauyinta wajen giram 670 ba harsashi, tana da daɗin harbi, kayan gyaranta da kubenta suna ko'ina. Matsalarta kauri, musamman ga siririn mutum a zafin Houston inda riga ɗaya ake sakawa wata da watanni. Daga 2018 da SIG ta fito da P365, mai harsashi 10 a jiki siriri mai nauyin wajen giram 500, sai kowane kamfani ya bi sahu: Springfield Hellcat mai 11, Smith & Wesson Shield Plus mai 10 ko 13, Glock 43X mai 10. Ni 43X nake ɗauka, saboda siririya ce amma mariƙinta ya kai tsawon da duk yatsuna ke samun wuri. Ga mai farawa na fi son ta, ko P365XL, ko Shield Plus da dogon magazin, a kan ƙaramar P365 ta asali. Dukansu kuɗinsu yana kai-komo tsakanin dala 450 zuwa 600 da ɗoriya.

Wasu za su ce maka libarba ta fi sauƙi. Wajen lodi da dubawa haka ne. Amma ƙaramar irin Smith & Wesson 642 harsashi 5 kawai take ci, kunamarta na da tauri, kuma tana cikin bindigogin da suka fi wahalar harbawa daidai. Idan kuma uwargida za ta koya, ko hannunka na da rauni, ka duba Shield EZ, wadda aka yi saman nata da sauƙin ja wajen ɗanawa.

Kada ka saya don na faɗa. Yawancin wuraren koyon harbi a Houston suna ba da hayar bindiga. Ka ɗauki uku ko huɗu, ka harba kowace a yadi 7, ka duba takardar da idonka. Ka lura ko yatsanka na kaiwa kunama ba tare da ka karkata riƙon ba, ko kana iya jan saman da kanka, ko babban yatsanka na kaiwa maɓallin cire magazin. Hannu ba ya ƙarya, wadda ta dace da kai za ka ji ta zauna.

Sai maganar da mai kanti ba zai taɓa yi maka ba, domin bai san kayanmu ba. Kusan duk kuben da ake sayarwa an yi shi ne don wando mai bel. Wandon kaftani mai zariya ba zai riƙe giram 700 ba, zai saki ta gefe guda, kuma ranar da ka ja bindigar kuben zai biyo ta. Aljihun gefe na kaftani ko jallabiya ya fi muni: yana lilo, yana bugun cinya, bakin bindigar yana kallon duk inda ya ga dama, ga makulli da carbi a ciki da za su iya shiga gaban kunama. Kada ka taɓa sa bindiga tsirara a aljihu, kowane irin aljihu. Ranar aiki da kake cikin jins, ka nemi kube mai tauri na robar Kydex wanda aka yi wa samfurin bindigarka takamaimai, ya rufe kunama ruf, tare da bel mai ƙarfi na ɗaukar bindiga. Ranar Juma'a ko Sallah kuma hanya biyu ce: ko tela ya yi maka wandon kaftani mai gidan bel, ko ka sayi irin PHLster Enigma, wanda ke ɗaure a jiki da nasa madaurin ba ruwansa da wando. Duk da haka ka sani doguwar riga sai an tattare ta da hannu ɗaya kafin a kai ga ƙugu, kuma wannan sai an koya a gida da bindigar da aka cire wa harsashi aka duba sau biyu. Lokacin mayar da ita kube ya fi kowane lokaci haɗari ga mai shadda, domin Glock da ire-irenta ba su da wani makulli da ake kunnawa da yatsa, in gefen riga ya shiga gaban kunama kana turawa, za ta tashi. A hankali ake mayarwa, ana kallo.

Ka gwada kuben da salla kafin ka fita da shi. Wanda ya sa ta a bayan ƙugu, da ya yi ruku'u ko sujada mariƙin zai turo riga, na sahun baya ya gani. Ta gaba ta fi ɓuya, amma tana tokare ciki a zaman tahiya sai ka daidaita tsayinta. A wurin alwala da banɗaki kada ka cire ta ka ɗora a kan wani abu, a nan ake mantuwa. Masallaci kuwa, dokar Texas ta bar wa shugabanninsa su yarda ko su hana, don haka ka tambayi kwamiti, in sun hana ka bi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, kuma ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Wannan ladabin ya hau kan mai bindiga fiye da mai kibiya.

Ka ga ke nan dala 600 ba ta bindiga kaɗai ba ce. Kube mai kyau zai ci 60 zuwa 100, bel wajen 50, ga harsashin atisaye, ga na kare kai irin Federal HST ko Speer Gold Dot, masu buɗewa a jiki don kada su ratsa su sami wani, waɗanda sai ka harba wasu a bindigarka ka tabbatar tana cin su. Ga kuɗin malami, domin ajin lasisi doka yake koyarwa, ba ya mayar da mutum maharbi. Gara ka ƙara wata biyu kana tari, ko ka sayi ta hannu a kanti mai lasisi, da ka kwaso bindiga ba kube.

Akwatin ƙarfe mai kulle kuwa, shi za ka fara saya, ya riga bindigar shiga gida. Yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunama da manyan yatsunsa biyu, kuma in ya yi haka bakin yana kallon fuskarsa ne. Saman kwaba ba maɓoya ba ce, ƙarƙashin katifa ma haka. A Texas laifi ne barin bindiga mai harsashi inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Bindiga wuri biyu gare ta, ko a jikinka cikin kube, ko a akwati a kulle. Kada ta kwana a mota, daga motoci ake sace da yawa. Ka zauna da uwargida ku yi maganar tun kafin ka saya, gidanta ne ita ma. Kuma zan faɗa maka abin da ba ma son faɗa a tsakaninmu: fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, su suka kashe kansu. Zaman ƙasar nan na da kaɗaici da bashi da matsi. Idan akwai wanda ke cikin ƙuncin rai a gidan, ko kai kanka, ko ana yawan rigima mai zafi, a jinkirta sayen, in kuma an riga an saya a fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda. Lambar wayar 988, ta taimaka wa masu ƙuncin rai ko tunanin kashe kansu, tana aiki dare da rana.

Game da fashin da ya tayar maka da hankali, in sun zo don kuɗin cikin durowa, ba su. Kuɗin mai shago ne, kuma ko naka ne bai kai ranka ba. Wanda ya riga ya ɗora maka bindiga ya riga ka, jan taka a lokacin neman mutuwa ne. Taka ta lokacin da ka tabbata rai ake nema ce kuma ba wata mafita. Daga ranar da ka fara ɗauka, zagi a kan titi, gardamar fakin, kwastoma mai rashin kunya, duk sai dai ka haɗiye ka wuce. Idan ka san kana da saurin fushi, ka faɗa wa kanka gaskiya ka haƙura da ita, ka sayi barkonon tsohuwa na fesawa, wanda ni ma ina ɗauke da shi kullum.

'Yan sanda kuma, kai baƙar fata ne mai harshen baƙo. Wani baƙar fata mai suna Philando Castile yana da lasisi, ya kuma faɗa wa ɗan sanda yana da bindiga, duk da haka aka harbe shi a cikin motarsa a Minnesota a Yulin 2016. In an tsayar da kai, kashe mota, kunna fitilar ciki, sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Ka ce kana da lasisi kuma kana ɗauke da makami, ka faɗi inda yake, ka tambaya me yake so ka yi, kada hannunka ya motsa sai ya ce. Ni lasisin tuƙi da na bindiga ba na ajiye su a ɓangaren da take.

Ka fara da yin rajistar ajin lasisi a makon nan. In ka sa ranar zuwa gwajin bindigogin, yi min magana ta gefe, ina da hutu ranar Asabar, sai in zo da tawa da kubena biyu ka gwada. Ka taho da kaftanin da kake zuwa Juma'a da shi.